Iya Mashal Sadique Abubakar: mu auna aikinsa na soja, mu ajiye siyasa gefe

Ɗan Katagum:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya muka yi musu da abokaina a majalisa har aka tashi ba a daidaita ba, shi ne na ce bari in kawo maganar inda akwai manya. Magana ce a kan Iya Mashal Sadique Baba Abubakar, tsohon babban hafsan sojin sama. Tun da ya tsaya takarar gwamnan Bauchi a 2023, duk wanda ya buɗe baki a kansa sai ka ji jam'iyya ce ke magana. Ni kuwa kakin da ya sa na shekara 41 nake so mu duba.

An haife shi a Azare ranar 8 ga Afrilu 1960. Ya shiga sojin sama a Nuwamba 1979, matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne. Buhari ya naɗa shi ranar 13 ga Yuli 2015, rana ɗaya da sauran manyan hafsoshin tsaro, Buratai da Olonisakin da Ibas, ya sauka ranar 26 ga Janairu 2021. Ba zan ɓoye ba, ɗan garinmu ne, kuma ina ganin shi ya ta da rundunar daga kwance. Amma ina so in ji daga waɗanda suka fi ni sani.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka taɓo inda nake. Ni bakaniken jirgi ne, a nan ƙarfina ya ƙare, saboda haka ku yi haƙuri in na tsawaita.

Ba za ka gane abin da mutum ya yi ba sai ka san abin da ya tarar. An kafa rundunar a 1964, Jamusawa suka fara riƙe ta, wani Kanar Gerhard Kahtz shi ne shugabanta na farko. Zuwa shekarun 1980 tana cikin manya a Afirka. Akwai MiG-21 na Rasha, akwai Alpha Jet, aka kawo Jaguar daga Ingila, ga C-130 na dakon kaya da sojoji. Zamanin su Ibrahim Alfa ke nan, shugaban rundunar na lokacin. Daga nan abubuwa suka fara ja da baya. Kuɗi suka yi ƙaranci, a shekarun 1990 kuma Turawa suka sa wa ƙasar takunkumin makamai. Jaguar ɗin nan ba su yi wani dogon aiki ba aka ajiye su. Manya za su tuna hatsarin C-130 a Ejigbo, Legas, a Satumba 1992, inda aka rasa mutum sama da 150 a tashi ɗaya, yawancinsu hafsoshi.

To da Boko Haram ta yi ƙarfi, da wannan ragowar aka shiga yaƙi. Ranar 2 ga Disamba 2013 suka shiga har sansanin sojin sama na Maiduguri suka lalata jirage a ƙasa. A Satumba 2014 Alpha Jet ya faɗi, suka kama matuƙinsa Chimda Hedima suka kashe shi. Gidan da Sadique ya gada ke nan.

Abin da nake yaba masa ba sayen jirgi ba ne, don duk mai kuɗi zai saya. Gyara ne. Jirgi ba mota ba ne. Awa ɗaya da zai yi a sama, sai bakanike ya yi awoyi a ƙarƙashinsa. Akwai sassan da in sun cika awoyinsu dole a cire su ko da lafiyarsu ƙalau. Rashin ƙaramin ƙarfe ɗaya yana iya zaunar da jirgi wata shida. A zamaninsa aka yi wa C-130 babban gyara a nan Ikeja maimakon a kai shi waje, yaranmu suna tsaye suna koyo. Rundunar da kanta ta ce jiragen da ke iya tashi sun ƙaru daga kashi 35 cikin ɗari a 2015 zuwa sama da kashi 80 a 2020. Wanda ya taɓa riƙe sifana ya san nauyin wannan magana.

Ɗalibin Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora a kan naka. An kawo Super Mushshak guda 10 daga Pakistan don koyar da tuƙi a Kaduna. An kawo jirage masu saukar ungulu, Mi-35M daga Rasha, da Agusta 109 daga Italiya. Sannan ranar 15 ga Fabrairu 2018 Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, jirgi maras matuƙi na leƙen asiri da injiniyoyin rundunar suka haɗa. Ni wannan ne ya sa na zaɓi karatun da nake yi yanzu. Jirgi mai sunan Hausa, aikin 'yan ƙasa.

Malamin Tarihi:
Ƙanena, gyara kaɗan. Tsaigumi an yi shi ne da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal mai suna UAVision. Kuma ba shi ne na fari ba, tun Disamba 2013 Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kadunan. Wannan bai rage darajar injiniyoyinmu ba, amma a riƙa faɗin abu yadda yake. Tambayar da ta fi damuna ita ce guda nawa aka ƙera bayan bikin. Me ya sa a 2020 sai da aka koma Sin sayen jirage marasa matuƙi?

Ɗalibin Injiniya:
Na karɓi gyara Malam. Amma waɗanda aka sayo daga Sin masu ɗaukar makami ne, Tsaigumi kuwa ido ne kawai. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

'Yar Yerwa:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, har yanzu ban ga wanda ya ambaci Rann ba.

Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojin sama ya jefa bama-bamai a kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, ƙaramar hukumar Kala Balge, dab da iyakar Kamaru. Mutanen da suka tsere wa Boko Haram, suka zo inda sojoji suke don su tsira. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce aƙalla mutum 90 suka rasu. Shugaban ƙaramar hukumar ya ce waɗanda aka binne sun haura 230. Akwai ma'aikatan Red Cross shida a ciki, sun je raba abinci ne. Mata da yara ne da yawa.

Ina zaune a Maiduguri duk shekarun nan. Ba zan yi ƙarya ba, akwai daren da ƙarar jirgi ce ta sa na iya rufe ido, don na san akwai masu tsaron mu. Na kuma san sojin sama sun buɗe asibiti a sansanin Dalori da na Bama, sun duba mutane kyauta. Duk na yarda. Amma ba za a jera min sunayen jirage a tsallake waɗannan rayuka ba. A lokacin shi ne shugaba.

Ɗan Katagum:
Yaya, Allah ya jiƙan su. Ban tsallake don raini ba. Amma ai kuskure ne, kuma ba shi ya tuƙa jirgin ba.

'Yar Yerwa:
Ƙanena, Tsaigumi ma ba shi ya ɗaure ƙusoshinsa ba, amma shi ake yaba wa. Wanda ya karɓi yabo a kan aikin yaransa, shi zai karɓi tambaya a kan kuskurensu.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, maganarki gaskiya ce, kuma ban ji daɗin da na yi dogon bayani ban kawo ta ba. Bari in faɗi yadda aikin yake, ba don in wanke kowa ba.

Matuƙin jirgin yaƙi ba ya tashi don ra'ayin kansa. Labari ne ke zuwa, ko daga sojojin ƙasa, ko daga jirgin leƙen asiri, cewa ga maƙiya sun taru a wuri kaza. A sa wurin a taswira, a ba shi lambobi. Kwamandan fagen daga ya ba da izini. Shi matuƙi yana gudun ɗaruruwan kilomita a awa, abin da zai gani a ƙasa na 'yan daƙiƙu ne. A lokacin Rann, Manjo Janar Lucky Irabor ne kwamandan Lafiya Dole, wato rundunar yaƙi da Boko Haram, kuma shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida a ranar cewa labari ya zo masa na taruwar 'yan Boko Haram a yankin, ya ba da umarnin jirgi ya je. Daga baya, a Yuli 2017, hedikwatar tsaro ta ce sansanin ba ya cikin taswirar da ake aiki da ita.

To a nan ne ni ma nake tsayawa. Garin da akwai sojojinmu a ciki, akwai dubban mutane, akwai tantuna, yaya za a ce ba ya taswira? Wannan ba laifin yaron da ke cikin jirgi ba ne kaɗai. Magana ce ta tsari, tsakanin na sama da na ƙasa. Tsari kuwa na shugabanni ne, na ƙasa da na sama duka.

Malamin Tarihi:
Baba ya gama magana. Ƙungiyar Human Rights Watch ta duba hotunan tauraron ɗan'adam ta ce tantunan suna bayyane daga sama. Kuma abin da jama'a suka samu daga binciken shi ne taƙaitaccen bayanin kakaki, ba cikakken rahoto ba. Inda an buga rahoton kowa ya karanta, da an san a wane mataki igiyar ta tsinke, da wataƙila an kauce wa wasu da suka biyo baya.

Wani abin da mutane ba su sani ba, Rann ta shafi cinikin jiragen yaƙi na Super Tucano daga Amurka. Amurka ta daɗe tana ɗari-ɗari da sayar wa Najeriya makamai saboda zargin take haƙƙin ɗan'adam. A 2014 ma ta hana Isra'ila sayar mana da jiragen Cobra. Gwamnatin Obama tana dab da amincewa sai ga Rann, aka dakatar. Sai da Trump ya hau aka amince a 2017, jirage 12. A 2018 Buhari ya cire dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur ya biya kafin majalisa ta amince, har wasu 'yan majalisa suka fara maganar tsige shi.

Mai Shago a Sabon Gari:
Ni dai abin da na sani, Tudun Biri ma su ne. Masu Mauludi aka kashe. Wane yabo kuma?

Malamin Tarihi:
Alhaji, a yi hattara. Harin Tudun Biri a jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba 2023 ne, kusan shekara uku bayan Sadique ya cire kaki. Kuma jirgin maras matuƙi na sojin ƙasa ne, su da kansu suka amsa. Zafin abin yana zuciyar kowa, amma kada mu ɗora wa mutum abin da ba nasa ba, sai mu raunana maganar da take tasa.

Mai Shago a Sabon Gari:
To na ji Malam. Allah ya yafe mini. Na ɗauka duk abin da ya faɗo daga sama nasu ne.

Bazamfare:
Ku kuna maganar Barno, mu bari mu faɗi tamu. A 2018 aka ƙaddamar da farmakin sojin sama mai suna Diran Mikiya, aka ce jirage za su share dazukan Zamfara. An kafa runduna a Gusau. Mun yi murna wallahi. Kullum sanarwa, an yi luguden wuta a daji kaza, an hallaka 'yan bindiga da dama. Amma a shekarun nan ne abin ya bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Neja da Kaduna. A Afrilu 2019 majalisar sarakunan Zamfara ta fito ta ce bama-baman suna faɗa wa mutanen da ba ruwansu, rundunar ta musanta. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, a kan babura da ƙafa aka shiga da su daji. Yana kan kujera a lokacin.

A ƙauyenmu sai da aka tara kuɗi aka kai wa 'yan bindiga kafin a bar mu mu girbe gero. Ni ma'aunina ke nan. Manomi ya je gona ya dawo, ko bai je ba? In an ce jirage sun ƙaru, ni ban musa ba. Amma ni ba jirgi nake ci ba.

Ɗan Katagum:
Yaya Bazamfare, Allah ya kawo muku sauƙi. Amma tsakani da Allah, wannan nauyin sojin sama ne? Ina 'yan sanda, ina sojin ƙasa, ina gwamnoni da suka riƙa sulhu yau, gobe a warware?

Baba Mai Ritaya:
Ku biyun duka kuna da gaskiya, shi ya sa abin yake da ciwo. Jirgi ba ya riƙe gari. Zai tarwatsa taro, zai ƙona motoci, zai kai wa sojan da aka yi wa ƙawanya ɗauki, zai kwaso wanda ya ji rauni. Amma bayan minti kaɗan mai zai ja baya, dole ya koma. In babu ƙafar soja a wurin, waɗanda suka ɓuya za su fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma yaƙin Barno daban, na Zamfara daban. A farko Boko Haram suna da motoci masu bindiga a kai, suna tafiya a jere, suna kafa tuta a gari. Wannan abincin jirgi ne, shi ya taimaka har aka shiga tsakiyar Sambisa a Disamba 2016. Ɗan bindigan daji kuwa babur ne, ƙarƙashin bishiya yake, ga mata da yara da shanu a gefensa, ga waɗanda ya sato a tsakiya. Ka jefa bam ka kashe wa?

Ina ganin shi kansa ya fahimci haka, shi ya sa ya ƙarfafa sojojin ƙasa na rundunar, ya kafa rundunar ayyuka na musamman a Bauchi, ana horar da zaratan da ke sauka daga jirgi su yi faɗa da ƙafa. Inda nake ganin an yi kuskure shi ne yawan sanarwar nasara. An sa wa talaka rai da abin da jirgi ba zai iya ba shi ba.

Bazamfare:
Na gode Baba. Wannan maganar ta ƙarshe ita nake nema wani ya faɗa.

Mai Shago a Sabon Gari:
Tun da an ambaci Bauchi, me ya sa can ya kai rundunar? Ga asibitin sojin sama a Bauchi, ga wani a Daura. Jiharsa da garin mai gidansa. Ba share fagen siyasa ba ne?

Ɗan Katagum:
Alhaji, duba taswira. Bauchi tana tsakanin Barno da Filato da Kano, jirgi zai kai kowanne cikin ɗan lokaci. Kuma a Inugu ya kafa rundunar horon ƙasa, can ma garinsu ne?

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, mai tambaya ya roƙa a ajiye siyasa. Abin da ke zuciyar mutum Allah ne ya sani. A tsaya a kan aiki.

Hajiya Malama:
Ni abu ɗaya zan ƙara. Ranar 15 ga Oktoba 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fiffike, alamar matuƙi, a matsayin mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a ƙasar nan, tare da Tolulope Arotile, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Na nuna wa ɗalibaina 'yan mata hoton a aji, har yau ina tuna yadda suka yi shiru suna kallo. Tolulope ta yi aiki a kan 'yan bindiga a jihar Neja. Ta rasu ranar 14 ga Yuli 2020, mota ce ta buge ta a cikin barikin Kaduna, tana da shekara 24. Na yi kuka kamar 'yar cikina.

Kuma mu riƙa tunawa da waɗanda suka tafi a bakin aiki. Matuƙi Bello Baba-Ari ya rasu a Satumba 2018 lokacin da jirage biyu suka yi karo a Abuja wajen atisayen bikin 'yancin kai. Ranar 2 ga Janairu 2019 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Damasak yana kai wa sojoji ɗauki, mutum biyar da ke ciki duka suka rasu. Su ma 'ya'yan wasu ne.

'Yar Yerwa:
Hajiya, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalansu duka haƙuri. Ba na jayayya da sadaukarwarsu ko kaɗan. Su an san sunayensu, an yi musu jana'izar girmamawa, kuma sun cancanta. Na Rann fa, wa ya taɓa karanta sunayensu?

Malamin Tarihi:
Akwai kuma batun daɗewa. Ƙa'idar aikin gwamnati shekara 35 ce. Shi ya shiga a 1979, ku lissafa. Shugaban ƙasa yana da ikon tsawaita wa manyan hafsoshi, kuma Buhari ya yi ta tsawaitawa. A 2020 majalisar wakilai da ta dattawa duka sun nemi a sauya su. Bayan kisan manoman shinkafa a Zabarmari ranar 28 ga Nuwamba 2020, inda aka yi jana'izar mutum 43 a rana ɗaya, kiran ya ƙara ƙarfi. Illar daɗewa ita ce na ƙasa da kai suna ta yin ritaya ba su samu damarsu ba. Amma wannan hukuncin Buhari ne, soja ba ya sallamar kansa.

Abin da ya kamata a ba shi kuma a ba shi. Jiragen da ya yi wa wahala bai ga isowarsu yana ofis ba. Jiragen yaƙi JF-17 guda uku na Pakistan a Mayu 2021 aka ƙaddamar da su a Makurɗi. Super Tucano shida na farko sun sauka Kano ranar 22 ga Yuli 2021, aka kai su Kainji. Magajinsa Isiaka Amao ne ya karɓe su. Shi kuwa bayan ya sauka an tura shi Chadi jakada. Matuƙan da suka hau su kuwa, yawancinsu a zamaninsa aka horar da su.

Ɗan Katagum:
To Malam, in an ce ka yanke, me za ka ce?

Malamin Tarihi:
Zan ce ya karɓi runduna mai rauni ya miƙa wadda ta fi ta ƙarfi, wannan ba na shakka. Zan kuma ce ƙarfin ya riga tsarin kare farar hula girma, kuma shi yana da ikon matsawa a kan wannan fiye da yadda aka gani. Tun da yana raye kuma ya shiga harkar jama'a, ina so wata rana ɗan jarida ya zaunar da shi ya tambaye shi Rann dalla-dalla, me aka gano, me aka canza bayanta.

Ɗan Katagum:
Na zo da niyyar a taya ni yabo, ga shi zan koma majalisa da abin da ya fi haka nauyi. Har yanzu ina alfahari da shi. Amma Yaya 'Yar Yerwa, in na sake jera ayyukansa ba zan tsallake Rann ba.

Baba, wata tambaya daban. Ƙanena yana aji shida na sakandare, ba shi da magana sai tuƙin jirgin soja. Ta ina zai fara?

Baba Mai Ritaya:
Ya riƙe lissafi da fizis da Turanci da kyau, ya nemi NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, in an buɗe, ya zaɓi sojin sama. Ya kula da idonsa da lafiyarsa, don gwajin likita ya fi jarrabawa kayar da yara. Ka faɗa masa ba duk wanda ya shiga ne ke zama matuƙi ba, ana tacewa sosai, kuma in aka ce injiniya zai zama kada ya raina. Kada ku ba kowa ko sisi da sunan zai sama masa gurbi. In ya kai matakin ganawa ka yi min magana ta akwatin sirri, zan faɗa masa irin motsa jikin da zai fara tun yanzu.